Kwanon Gadon Bakin Taga

Duk wanda ya taɓa cin abinci daga hannun Inna Babba ya san yadda take ajiye kwano. Sai ta turo shi har ya taɓa cikin mutum, ta juya cokalin ya kalli hannunsa na dama, sannan ta tsaya a kansa har ta ga lomar farko ta wuce. Baƙi sukan ja da baya kada miya ta ɓata musu riga. Yaran gida kuwa sun mai da abin tsiya. “Inna, saura ki tauna mana,” in ji su. Takan ce, “Ci dai, sarkin surutu,” amma ba a taɓa ganin ta yi dariya a kan wannan ba. Ba da wannan hali aka haife ta ba. A wurin aiki ta samo shi, a shekarar da ƙawarta Gajera ta mutu, kuma ya kamata jikoki su san yadda aka yi.

Ita ce 'yar fari a ɗakinsu. Uwarsu ta rasu ta bar mata ƙanne, ta goya wannan ta yaye wancan, har lokacin aurenta ya zo ya wuce tana bakin murhu. Da ƙannen suka kama gabansu sai ta sami aiki a kicin ɗin wani babban asibiti. Da safe ita da Gajera suke yankan albasa da wankin shinkafa. Da rana kuma ta jera kwanuka a kan keken abinci ta tura shi ɗaki ɗaki. Ƙafa ɗaya ta keken tana da kuka, tun daga nesa marasa lafiya suke jin ta, masu iya tashi su tashi zaune. Shi ya sa duk asibitin ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Keke.

Dokar aikin a fili take. Mai Keke ta ajiye kwano a kan durowar da ke gefen kowane gado, ta wuce, in ta zagayo ta kwashe. Ba wa mara lafiya a baki aikin danginsa ne, ko na nas in ta sami sarari, kuma nas ba ta cika samun sarari ba.

Tun tana budurwa aka yi mata baftisma, kuma kujerarta a coci sananniya ce, ta gaba daga gefen mata. A sanin da ta yi wa zunubi, abu ne da hannu yake ɗauka ko baki yake faɗa. Duk shekarun da ta yi a kicin ba ta taɓa ƙulle ko ƙwayar sukari a bakin zane ba, alhali wasu har nama suke fita da shi a ƙarƙashin ɓawon albasa. Gajera takan ce, “Ke dai ranar shari'a ba layi za ki bi ba, ta ƙofar ma'aikata za a shigar da ke.” Inna Babba takan ce mata ta daina saɓo, amma can cikin ranta maganar tana mata daɗi.

Cikin ƙannen nan Auta ce ta fi shiga ranta, don tun tana jinjira take bayanta. Auta ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai tsabta da ƙyanƙyami, wanda in ya gaisa da kai sai ya faki ido ya goge hannu da hankici. Shagonsa a jikin gidansu yake. Suka haifi 'ya mace. Sai tari ya kama Auta, irin mai cin jiki. Mai Agogo ya ji tsoron kada ya ɗauka, ya mai da ita ɗakin baya inda ake tara tarkace, bai kuma aika wa danginta ba. Ranar da labari ya kai kunnen Inna Babba ta je gidan, abin da ta fara gani a bakin ƙofar ɗakin shi ne kwanon abinci a ƙasa, kiyashi ya rufe shi baƙi ƙirin. A nan yake ajiyewa, ya tura da ƙafa, ya koma shago. Auta tana kan tabarma can ƙurya, hannunta a miƙe wajen ƙofa, barci ya ɗauke ta a haka. Inna Babba ta goya ta kamar yadda take yi tana ƙarama, ta riƙe hannun yarinyar, suka fita. Auta ba ta ga ƙarshen daminar nan ba. Mai Agogo bai zo jana'iza ba, ya sayar da shago ya bar gari. Yarinyar ta tashi a hannun Inna Babba ana ce mata 'Yar Auta, kuma a gidan ba a ambaton ubanta.

'Yar Auta tana sakandare lokacin da abin ya faru. Wata rana Inna Babba ta turo keke ɗakin maza, ta ga an sa sabon mutum a gadon bakin taga. Ya yi furfura, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Da fuska kaɗai ce da ta wuce shi. Ta hannu ta gane shi, dogayen yatsun nan da suka saba da ƙananan ƙusoshin agogo. Na hagun yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba, na daman kuma rawa yake yi ba tsayawa. Kujerar mai jinya ba kowa a kai. Ta ji Sista, babbar nas ɗin ɗakin, tana gaya wa wata cewa a bakin tasha aka tsince shi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ya ɗago ido ya gan ta.

Durowar tana dama da gadon, kuma tana da faɗi. Akwai gefen da ke manne da gado, akwai na can wajen bango. Inna Babba ba ta shirya kome ba, hannunta ne kawai ya wuce gefen kusa ya sauke kwanon a na nesa. Tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu. Ta tura kekenta gaba. Da ta zagayo shinkafa ta huce, cokali yana nan yadda ta sa shi. Ta kwashe.

Kashegari ma haka, da ranar da ta biyo. Sau ɗaya ta waiwayo daga ƙarshen ɗakin ta gan shi yana miƙa hannu. Yatsun suka hau bakin durowa, suka yi ta karce katako suna rawa, suka kusa, sannan hannun ya zame ya faɗi. Ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin na wanda ya sha ruwa bayan doguwar tafiya. Masu iya magana sun ce rama cuta ga macuci ibada, amma a ganinta ko ramawar ba ta yi ba. Ta kawo abinci? Ta kawo. Ta ajiye a kan durowa yadda doka ta ce? Ta ajiye. Wa zai ɗaure ta a kan wannan?

A gadon da ke kusa akwai wani direban babbar mota da aka rataye wa ƙafa da nauyi, ba ya iya sauka, amma bakinsa lafiya lau. Shi ne yake jefa wa Mai Agogo guntun burodi da safe, wani ya faɗa kan bargo, wani ƙasa.

“Mai Keke,” in ji Direba, “wannan maƙwabcin nawa azumi yake yi, ko girkinku ne ya fi ciwon zafi? Ɗan matso masa da kwanon mana.”

Kukan ƙafar keke ya rufe maganar, ko kuma ita ce ta bar shi ya rufe.

Gajera ce take wankin kwanuka da yamma, ita ta fara lura. Ta ɗaga kwanon ta kalle shi, ta ce, “Wannan kullum sai ya dawo min a cike kamar an kai wa suruki mai kunya. Na wane gado ne?”

“Bakin taga.”

“Ba shi da kowa?”

“Ban tambaya ba.”

Gajera ta ajiye soso ta juyo. “Ke? Ke da kike sanin sunan kakar kowa a ɗakin nan kafin ya kwana?” Ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma kan wankinta. “Gobe ni zan tura keken. Ina so in ga wannan mai raina min girki.”

Da safe suna zaune a kan buhunan da suka saba zama, Gajera tana yanka albasa tana ba da labarin yadda angon jikarta ya zo gaisuwa da takalmi wari da wari. Ana cikin dariya ta ce, “Wayyo kaina,” a hankali, kamar wadda ta tuna ta bar wani abu a gida. Ta jingina da bango. Likitoci suna nan bayan ƙofa biyu kawai, suka zo a guje, amma ba abin da suka tarar. Albasar tana kan katako, rabi a yanke, wuƙa a tsaye a cikin sauran rabin.

Inna Babba ta yi kuka, ta yi har muryarta ta dishe. Amma akwai abin da ya riga kukan zuwa, ita kaɗai ta san shi. A daidai lokacin da likita ya girgiza kai, abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne, to, yau ba wanda zai tura keken sai ni. Ta ji sauƙi. Kafin ta kore shi ya riga ya zo, ta kuma gan shi da kyau. Daga nan tsoro ya shige ta. Ta tsaya a bakin famfo tana wanke hannu, ta wanke ta sake wankewa, tana tunanin wace irin mace ce wannan da ke cikin rigarta, wadda gawar ƙawarta ba ta huce ba take murna asirinta ya rufu.

Ranar ta tura keken da niyyar ta ajiye kwanon kusa. Ta tsaya a gaban durowar, hannunta ya ƙi. In ta matso da shi yau, to na jiya fa, me sunansa? Ta sauke shi a wurin da ta saba, ta fita kamar ana korarta. Ba ta kalli fuskarsa ba, amma ta ga wuyan hannunsa ya zama kamar kara.

Ranar Asabar aka binne Gajera. Fasto saurayi ne, a gabanta ya girma, ta sha ba shi ruwa yana yaro. Ya tsaya kusa da akwatin ya yi wa'azi a kan ranar da Ubangiji zai zauna ya raba mutane gida biyu, dama da hagu. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro game da wannan zama shi ne irin tambayoyin. Mutum zai sa ran a tambaye shi wa ya kashe, me ya sata, sai ya ji ana maganar abinci da ruwan sha, da mara lafiyar da ba a leƙa ba. Ya ce mutanen hagu da yawa hannunsu fes yake, ba su taɓa kowa ba, sun dai gani ne suka wuce. Kuma za su yi ta rantsuwa ba su taɓa ganin Ubangiji cikin wahala ba, domin da fuskar wanda ba a kulawa da shi ya zo musu.

“Mama Gajera da safe ta fita aiki, ba ta san ba za ta gama yanka albasarta ba,” in ji shi. “Mu ma kowace rana amsa muke bayarwa tun ba a yi tambayar ba.”

Inna Babba ta riƙe bayan kujerar da ke gabanta. Su waɗancan aƙalla suna da abin faɗa, ba su gane ba. Ita fa? Ta gane, ta hannu ma ta gane. Sai wani tunani ya zo mata: ashe Ubangiji zai iya ɗaukar wannan fuskar, ta mutumin da ya tura wa Auta kwano da ƙafa, ya kwanta da ita a bakin taga yana kallon inda za ta ajiye. Ta ji haushi, ta ji tsoron haushin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta sha faɗa wa yara haka. Ta ga kanta a tsaye a gaban taron duniya duka, ana buɗe hannu ana gwada taƙi ɗaya, Auta tana can dama tana kallo.

Lahadi aka yi jibin Ubangiji, inda ake zagayawa da gurasa masu bi suna ɗauka. Dattijon da ke zagayawa da faranti tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Da ya iso gabanta ta bar hannuwanta a kan cinya. Shi kuwa ya ɗauka ba ta kai ba ne, sai ya sunkuya ya matso da farantin har bakinsa ya taɓa bayan yatsunta.

“Ga shi, 'yar'uwa,” in ji shi.

Ta girgiza kai. Ya ɗan jira, ya wuce. Sanyin ƙarfen ya zauna a yatsunta har aka tashi.

Ta sami Fasto a ɗan ɗakin da ke bayan coci yana shan ruwa. Ta ƙi zama. Ta fara da kewaye-kewaye, wai a ce mutum bai yi kome ba, a ce aikinsa kawai ya yi yadda aka ce.

Fasto ya ajiye kofi. “Mama, wa ke jin yunwa?”

Ta faɗa masa duka, har da kiyashin, har da abin da ya zo mata a rai da Gajera ta faɗi. Bai katse ta ba. Da ta gama ta ce, “In na je na ba shi, shi ke nan na tsira?”

“Cokali ba ya ceton kowa, Mama. Wanda ya cece ki ya gama aikinsa a kan gicciye, ba shinkafarki yake jira ba. Amma itacen da ke da rai ana ganin ganye a jikinsa. Tun kafin a haife ni kike cewa an gafarta miki. To, ga shi an kawo miki tambayar har wurin aikinki.”

“Ba na ƙaunarsa. Ko yanzu da nake tsaye a gabanka.”

“Na ji.”

“Tsoro kawai nake ji, ɗana. Abin da aka yi don tsoro ana karɓarsa?”

Fasto ya juya kofin a kan tebur. “Ba duka na sani ba,” in ji shi. “Amma cikin mutumin nan ba zai tambayi dalili ba. Ki tafi da tsoron, ki roƙi sauran a hanya. Yaushe ake raba abincin rana?”

Ba ranar aikinta ba ce, wata ce take tura keke ran Lahadi. Ta fita da kayan cocinta ta hau mota. Motar ta yi ta tsayawa, wannan ya sauka da buhu, wancan ya hau da akuya, ita kuwa tana ganin wuyan hannun nan kamar kara. In ya mutu da safen nan fa? Wa za ta ba? Da ta sauka a gaban asibiti sai ta kasa tsallaka titi. Titin da ta shekara da shekaru tana ratsawa ba ta ko duba ba, yau kowace mota ta taho sai ta ga tata ce, ta ga an kwashe ta a nan da rabin albasarta. Ta tsaya a nan har wata mai tallan lemo ta kama hannunta suka haye tare.

A ɗakin maza an ja labule an zagaye gadon bakin taga. Duk mai aiki a asibitin ya san abin da labule yakan nufa. Ta dafa ƙarfen gadon Direba.

“A'a, Mai Keke ce yau da kwalliya? Ina motar taki?” Ya ga inda take kallo, ya ga fuskarta. “Yana nan. Mutuwa ta leƙo da safe, ta ga ba nama, ta ce za ta dawo.”

Sista ta yaye labulen ta fito da zanen gado a hannu. Canza masa shimfiɗa take yi. Ta ce likita ya ce in bai ci ba yau, gobe sai a sa masa roba ta hanci, kuma ba ta ga alamar jikinsa zai ɗauka ba. Sannan ta dubi kayan cocin. “Me ya kawo ki yau? Kin san shi ne?”

Inna Babba ta kalli gadon. Da ta ce tausayi ne kawai, da an yaba mata.

“Mijin ƙanwata ne,” in ji ta.

Sista ta tsaya da zanen a hannu. Ta kalli durowar, ta kalle ta, ta wuce. Direba ya juya fuskarsa wajen bango, kuma tun da aka kawo shi ɗakin wannan ne karo na farko da aka ji bakinsa shiru.

Mai aikin Lahadi ta ajiye kwanon a gefen kusa, dab da gado, amma bai taɓa ba. Hannun ya daina ko gwadawa. Inna Babba ta jawo kujerar mai jinya ta zauna, ta ɗora kwanon a cinyarta, ta dama shinkafar da romo har ta yi laushi.

“Yaya,” in ji shi. Maganar tana fita ta gefen baki, a ja.

“Buɗe bakinka.”

Ya rufe shi gam. Ta kai cokali, ya kau da kai, romo ya zuba a kan matashi. Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba ke nan, cewa zai iya ƙi.

“Ci, don Allah.”

“Don Allah, ko don ke? Kin zo ki wanke hannunki da ni.” Ya huta, ya sake jawo numfashi. “Ina ganin inda kike ajiyewa. Idona na aikin agogo ne, ya san tazara.”

“To me ya hana ka magana?”

“Ita Auta ta yi magana. Ta yi ta kira. Ina ji daga shago.”

Wannan ba ta sani ba. Duk shekarun nan ta ɗauka Auta shiru ta yi, don ba mai yawan magana ba ce. Ta ji kwanon yana so ya tashi daga cinyarta ya sauka a fuskar nan. Ta rufe ido. Ba ta iya haɗa addu'a ba, sunan Yesu kawai ta yi ta maimaitawa a cikin haƙora, tana riƙe da kwanon da ƙarfi kada ya kuɓuce mata.

“Tsoro nake ji a lokacin,” in ji shi. “Sai in zo bakin ƙofa, in ji tarin, ƙafata ta ƙi shiga.”

“Ni ma tsoro ne ya kawo ni,” in ji ta. “Ba don kai na zo ba, kada ka ruɗi kanka. Akwai ranar da za a tambaye ni, kai ma za a tambaye ka. Ba ka jin tsoronta?”

Ya kalli rufin ɗakin. “Kullum.”

“To buɗe bakinka. Matacce ba ya tuba.”

Ya buɗe. Rabin lomar ta shiga, rabi ta biyo gefen da ya karkace ta gangaro haɓa. Ba ta zo da tsumma ba, sai ta sa bakin gyalenta na coci ta goge masa, mutumin da a da yake goge hannu in ya gaisa da mutane. Ya haɗiye da ƙyar.

“Ba gishiri,” in ji shi.

“Wadda ta iya sa gishirin jiya aka binne ta. Haɗiye.”

Ya ci kusan rabin kwanon. Ta ba shi ruwa kaɗan kaɗan tana tallafe da ƙeyarsa. Ta fara jin numfashinta yana dawowa daidai, tana cewa a ranta ta iso kan lokaci, an gama. Tana goge cokali ya ce, “Yarinyar fa?”

Tsoron nan ya sake kama ta. Ta zo ne da tunanin kwano ɗaya ne maganar.

“Ta girma.”

“Ta san ina nan?”

“Sha ruwanka,” in ji ta. Bai sake tambaya ba.

Da ta koma gida da la'asar ta tarar da 'Yar Auta tana gugar kayan makaranta. Inna Babba ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba, don ta san in ta zauna ba za ta faɗa ba.

“Ubanki yana asibitinmu, ɗakin maza, gadon bakin taga. Na daɗe da sani ban gaya miki ba. Ba shi da lafiya sosai. In kina so, sai mu tafi tare.”

Yarinyar ba ta ɗago ba. Dutsen gugar ya tsaya a wuri ɗaya har ƙaurin ƙuna ya cika ɗakin, kuma rigar nan da tabon ta ƙarasa shekarar. Kashegari ba ta je ba. Inna Babba ba ta matsa mata ba, amma kullum da safe in za ta fita takan ce, “Na tafi,” ta ɗan tsaya a ƙofa fiye da yadda ta saba. Ranar da yarinyar ta biyo ta, ta zauna can nesa wajen ƙafar gado, jakar makaranta a kan cinya. Inna Babba ta sa ƙafa ta ja kujerar da yarinyar a kai har ta zo daidai hannunsa na dama, sannan ta koma kan kekenta.

Kullum in ta gama zagaye takan dawo ta ba shi a baki a lokacin hutunta. Suna faɗa a kan gishiri, suna faɗa a kan zafi. Sista ta daɗe ba ta sake mata fuska ba. Direba ne ya fara hucewa, ya koma kiranta surukar maƙwabci. Mai Agogo ya rasu kafin a kwance wa Direba ƙafa, da rana tsaka, bayan ya nemi a kira masa Fasto sun daɗe a bayan labule. Abin da suka faɗa ba wanda ya ji.

Inna Babba ta tsufa yanzu, ta bar aiki, ƙafafunta sun fi ƙafar keken nan kuka. Tana karɓar jibin Ubangiji da hannu biyu. In aka tambaye ta ko ta yafe wa mijin Auta takan ce, “Ina kan yi.” Tsoron bai bar ta duka ba. Duk ranar da aka yi wa'azin dama da hagu sai an ga tana murza bayan yatsunta, in an tashi ta tsaya a ƙofar coci tana tare mutane, wa bai zo ba, wa ke kwance, wa ke kai masa abinci, yana iya ci da kansa? Kwanan baya wani jikanta da ya fara jin shi babba ne ya ture kwanon da ta manna masa a ciki, ya ce, “Inna, ina da hannu fa, zan iya miƙawa.”

Ta mai da kwanon inda yake, ta juya cokalin.

“Na sani,” in ji ta. “Ci ina gani.”